Kwaɗo Uku a Ƙofar Sito

Ranar da 'yan hatsin Rijau, Dukku da Tungan Magajiya suka ɓalle daga tsohuwar ƙungiyar kasuwar Kontagora, har rawa suka taka. Sun sha wuya a hannun tsohon shugaba, sai suka rantse ba mai sake riƙe musu wuƙa da nama. Suka naɗa Na'Allah shugaba, suka ba shi kujerar roba da jar hula. Ƙofar sitonsu kuwa suka buga mata kwaɗo uku, kowane gari da makullinsa.

Sati bai cika ba aka kulle akuya a ciki bisa kuskure. Na'Allah ya kara kunne a ƙofa, ya ji tana gurzar masara, ya aika a kawo makullai. Emmanuel na Dukku ya tafi biki da nasa a aljihu. Muntasir na Rijau ya ce sai Tungan Magajiya ta fara buɗewa. Kyauta ta Tungan Magajiya ta ce ita dawa take sayarwa, kuma buhunanta suna can sama.

"To a fasa ƙofar mana!" in ji Na'Allah.

"Ranka ya daɗe, tsarin mulki bai ba ka guduma ba," in ji Muntasir.

Kwana uku ana zaman taro. Da aka buɗe, akuya ta fito ciki kamar ganga. Na'Allah ya cire jar hular ya kifa mata a ka.

"Ga shugabarku. Duk ƙungiyar nan ita kaɗai ta yi niyyar abu ta aikata."