Sunan da Ya Ƙi Saki

"Ba za ka shiga da wannan abin ba," in ji matar Mai Jita, ta tokare ƙofar ɗaki da hannu biyu.

Maƙwabcinsu mai guga ya ajiye dutsen gugarsa a bakin zaure, ya leƙo tsakar gidan hayar. Dogo ne tsaye cikin baƙin tabarau da riga mai ƙyalli, bayansa wani mai kyamara.

"Haba matar yaya, ba daɗewa zan yi ba. So nake ya ce ya bar mini sunan, mu ɗauka a kyamara, shi ke nan."

"Da wace muryar zai faɗa?"

Duk layin an san labarin. Su biyu suka kafa Tagwayen Murya, Mai Jita na rerawa, Dogo na amshi. Da wani mai situdiyo ya ja Dogo gefe, sai ya tara sababbin yara, ya tafi da sunan. Mai Jita ma ya ƙi saki. Aka yi shekaru ana manna fosta iri biyu da suna ɗaya, a gayyaci wannan, wancan ya je, magoya baya su yi ta jifan juna da kujeru. Sai ciwon maƙogwaro ya kwantar da Mai Jita, yaransa suka watse. Yanzu mai guga ne ke ɗaga shi zuwa banɗaki.

Daga ciki aka ji cokali yana bugun ƙarfen gado. Haka mara lafiyar ke kira.

"Kin ji ko? Ni yake nema," in ji Dogo, ya bi ta ƙarƙashin hannunta. Mai guga ya rufa masa baya, ya tare mai kyamarar da ƙirji.

Ɗakin na warin magani. Mai Jita ya rame har wuyansa ya zama kamar na kaza. Ya yafito Dogo da yatsa. Dogo ya sunkuya yana murmushi, ya kara kunne. Hannun Mai Jita ya taso a hankali, ya zare tabaran daga fuskarsa, ya sake shi cikin kwanon da yake tofa kaki.

Dogo ya miƙe.

"To ka mutu da sunan, yaya. Mu gani ko a kabari ana waƙa."

"Fita!" in ji mai guga. "Wallahi in ka ƙara, da dutsen guga zan raka ka."

Washegari da hantsi Mai Jita ya cika, kansa a cinyar matarsa. Mutanen layi suka kai shi, ba su cika mota biyu ba.

Da yamma mai guga na naɗe tabarmi a ƙofar gida, rediyon mai shago ta sanar cewa jagoran Tagwayen Murya ya rasu. Sai aka sako waƙa. Muryar Dogo ce. Kafin ta ƙare, Dogo da kansa ya bugo waya gidan rediyon, yana dariya.

"Jama'a a daina kuka, ina nan da raina. Wani tsohon mai kaɗa mini jita ne ya rasu. Allah ya jiƙansa."

"Kashe ta," in ji mai guga.

"Ai ba ni na faɗa ba, maƙwabci."

"Na ce ka kashe ta!"

Mai shago ya murɗe. Amma tagar ɗakin a buɗe take, matar ta riga ta ji. Ba ta yi kuka ba. Ta leƙo ta ce, "Maƙwabci, zo ka sauke mini wannan, hannuna bai kai ba."

Ya shiga ya taka kujera, ya ciro jitar daga ƙusar da take rataye, ya miƙa mata. Ta goge ƙurar da gefen mayafinta, ta tura ta ƙarƙashin gado. A bangon da ya daɗe da dafewa, siffar jitar ta rage fara tas, da ƙusar a samanta.