Kunnen Abessolo

A gidan yankan katako na bakin kogin Nyong, a Mbalmayo, ba a magana da baki. Da zarar an tada babban zarto, ko uwarka ce ta zo kiranka ba za ka ji ba, sai dai hannu. Ka dafa kai, heluma na zuwa. Ka shafa ciki, an tashi cin abinci. Ka ja yatsa a maƙogwaro, a kashe inji. Kowane irin itace da alamarsa, har zagi akwai, kuma a kansa aka fi ƙwarewa.

Shi ya sa Abessolo, mai riƙe da babban zarton, ya daɗe yana kurumcewa ba wanda ya farga. Ba wai kunnen ya toshe ɗif ba ne. In ka tsaya gabansa yana ganin bakinka, zai haɗa abin da ya gani da ɗan abin da ya ji ya ba ka amsa. In kuwa ta baya ka biyo, ka yi ta yi. Mutane suka yanke cewa miskili ne, shi kuma ya karɓi sunan hannu bibbiyu. Daga matarsa Mengue, wadda ta koyi maganar hannu don dole, sai abokinsa Nkodo mai wasa haƙoran zarto, su kaɗai suka sani.

Ɗansa Zang bai sani ba. Ya yi shekaru a Duwala yana acaɓa, bana ya dawo da mata da ciki, uban ya samo masa aiki a injin goge katako. Yakan yi magana uban ya wuce abinsa, sai ya ɗauka fushin tafiyarsa ne har yau bai huce ba.

Ana nan sai ga batun yarjejeniya. Aka ce gwamnati ta sa hannu kan ƙa'idojin duniya na kare lafiyar ma'aikata, masu sayen katako a Turai kuma sun kafe: ba takardar shaida, ba ciniki. Nan da nan aka shafe bango da fenti, aka ja jan layi a ƙasa, aka kafa jiniyar gobara, aka raba wa kowa hular kwano da marfin kunne mai kama da ƙoƙo biyu. Shekara da shekaru ana wannan ƙarar ba wanda ya tuna ma'aikata na da kunne, sai da mai saye ya tambaya. Abin haushi.

Heluma ya tara su ya ce wata nas za ta zo daga Yawunde ta gwada kunnen kowa. "Duk wanda bai ci ba, ba zai tsaya kan inji ba, don ba zai ji jiniya ba. Gadin ƙofa za a mai da shi."

Abessolo ya karanta wannan a bakin heluma. A garin nan kaf ba a kiransa da komai sai mai babban zarto. Shi ne zai zauna a benci yana ɗaga wa motoci igiya?

Ranar gwajin Nkodo ya riga shi shiga motar nas ɗin. Da ya fito ya ja shi bayan tulin gungumai, ya tsaya daidai fuskarsa.

"Tsohon kurma, Allah ya so ka. Matar nan in ta danna abin sakin sauti, sai ta ɗago ido ta kalle ka ta saman tabarau. Ta ɗago, ka ɗaga hannu, wato ka ji. Kada ka yi rawar jiki, ka ɗan yi kamar kana lalube."

"In ta gane fa?"

"Ta gane me? Dubi layin nan. Ita ma so take ta koma gida ta dafa wa 'ya'yanta."

Haka kuwa aka yi. Aka rufa masa abin sauraro a kunne. Ya ji sautukan farko masu kauri, daga nan bai ƙara jin komai ba sai wannan tsiii da ke zaune a kansa dare da rana. Ya zuba wa tabarau ido. Ta ɗago, ya ɗaga. Da suka gama ta dube shi tana murmushi.

"Papa, tun yaushe kake kan zarto?"

"Tun ba a haife ki ba, 'yata."

"To kunnenka ya fi na samarin nan."

Ya fito yana murna, yana kuma jin kunya. A gida ya tarar da Mengue tana dakan ganyen rogo. Da ya ba ta labari sai ta saki taɓarya ta yi masa alamar da ake yi wa gungume mai kyau a waje, ruɓaɓɓe a ciki.

Kamfani ya samu takardarsa, aka sa ta a gilashi a ofis. Duk baƙon da ya zo, heluma sai ya nuna masa Abessolo.

Marfin kunnen nan kuwa akwai zafi, gumi ya taru a ciki ya yi ta ƙaiƙayi. Ba a daɗe ba samari suka mai da shi abin wuya, Zang ne ma kan gaba. Abessolo ya hango shi daga kan zarto, ya rufe kunnuwansa da tafin hannu, wato maida abinka. Zang ya nuna uban, ya ja kunnensa, ya jinjina masa, yana dariya.

A makon ne Mengue ta tare shi a ƙofar ɗaki. "Surukarka ta ce Zang yana cewa kunnensa na kuka in ya kwanta."

Shi ma da haka nasa ya fara. Ranar abinci bai shiga ba.

Washegari da rana suna zaune kan gungumai ana cin bobolo, wato tuwon rogo naɗe a ganye, da soyayyen kifi, heluma ma yana nan da kwanonsa, Abessolo ya ce, "Zang, me ya hana ka sa abin nan?"

"Haba Papa, zafi. Kai da ka tsufa kan zarto ba ka taɓa sawa ba, nas ta ce ka fi mu ji. Ai gado ne."

"Kunnen gidan Abessolo ƙarfe ne," in ji wani, aka kwashe da dariya.

Nkodo ya ga fuskar abokinsa, ya ja yatsa a maƙogwaro: kashe maganar. Abessolo ya yi kamar bai gani ba. Ya ajiye bobolonsa a kan ganye, ya miƙe.

"Zan je can in juya maka baya. Ka kira ni yadda kake kirana a gida."

Ya taka har bakin jan layi, ya juya. Ga tulin katako, ga kogin can ƙasa, ga wani mai kwalekwale yana wucewa. Tsiii. Ya san heluma na kallo, kuma tsoro yake ji. Can ya ji wani abu kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa, amma ba zai iya rantsewa shi ake kira ba, sai bai waiwaya ba. Yana nan tsaye har aka dafa kafaɗarsa.

Zang ne, idanunsa sun yi ja. Yana faɗin wani abu, amma bakinsa rawa yake, uban ya kasa karantawa.

"Yi da hannu," in ji Abessolo.

Zang ya ɗaga hannun ya tsaya. Maganar hannu ta katako ce da abinci da zagi, ba ta da abin da yake nema. Sai ya kamo marfin daga wuyansa ya rufe kunnuwansa, ko da yake injuna duk a kashe suke.

Heluma ya rufe kwanonsa, ya yafito Abessolo, ya nuna ofis.

Ranar Litinin yana zaune a bencin ƙofa da igiya a hannu. Da aka tada babban zarto, a tafin ƙafarsa ya san an fara aiki.