Gashin Bulo

Ƙaurin tsumma ne ya shigar da ni gidan maƙwabciyata Kalawati. Na tarar da mijinta Ramautar tsugune, yana naɗe bulo mai zafi a tsohon sari, irin zanen da matanmu ke ɗaurawa, zai ɗora mata a mara.

"Yaya, me nake gani haka?"

"Sikai mana," in ji shi. "Ba gashi likita ta ce ba? Sai an je birnin Lucknow ake gasa mutum?"

A yarenmu kalma ɗaya ce, sikai: gashin da ake wa ciwon baya da bulo, da gashin da na'urar asibiti ke wa ciwon daji. Kalawati kuwa dajin bakin mahaifa gare ta. Ni na raka ta ranar da ta kai rabin gashin. Likita ta ɗan kankaro wurin, ta shafa a gilashi, ta duba a madubinsu. Ta ce ƙwayoyin cutar sun kumbura suna fashewa, in aka ƙarasa akwai rai a gaba, in aka tsaya za su dawo.

Ramautar, mai kunnen ƙashi, "suna fashewa" kawai ya ji, ya dawo da ita gida ya hana ta ƙarasa gashin. Ni dai ban yarda rashin sani ne ba. Ya gaji da dafa wa kansa shinkafa ne, ƙazamin banza.

"Didi, tashi in kai ki asibiti da kaina," na ce wa Kalawati, don haka muke kiran babbar yaya.

"Bari, ƙanwata," ta ce a hankali. "Wa zai ba saniya ruwa?"

Kafin damina ta fita jini ya dawo, wari ya cika ɗakin. Gogan ya kwashe shimfiɗarsa ya koma shagon shayi, yana faɗa wa mutane asibiti ne ya ƙona masa mata. Kalawati ta cika da hantsi, kanta a cinyata.

Muka yi mata wanka, muka naɗa mata jan sari irin na amare, don ta riga mijinta tafiya.

"Kai, ta yi sa'a!" in ji wata tsohuwa. "Ba ta ɗanɗani takaba ba."

Saura kaɗan in tofa mata yawu.

Aka kira Ramautar ya sa mata jan garin aure a tsagar gashinta, kamar yadda aka saba. Ya toshe hanci da mayafi, ya miƙo hannu daga nesa. Garin ya kauce, ya zube mata a kunne. Na sa bakin sarina na share.