Wanda Zai Mutu a Shafi na Shida

Ghali ya kai shafi na shida sai ya daina karantawa. Ya dubi Sabo, ya sake duban takardar.

"Ci gaba mana," in ji Sabo.

"Yaya Sabo, a nan fa an yi rasuwa."

"Wa ya rasu?"

"Ta wajenka. Babbar."

Sabo mai gadi ne a wani rukunin gidaje a unguwar Madinat Khalifa, can ƙasar Larabawa. Ghali direba ne a ɗaya daga cikin gidajen, kuma shi ya yi sakandare, don haka duk takardar Turanci wurinsa ake kai ta. Wannan takardar ta Fergal ce, Baturen gida mai lamba tara, malamin lissafi, mutumin ƙasar Ayilan. In ka ce masa ɗan Ingila sai ya ɓata rai. Sabo bai ga bambancin ba, amma ya daina faɗa.

Wata biyar Fergal yana kawo shayin karak, mai madara da kayan ƙamshi, bakin ƙofa yana tambaye-tambaye. Sabo ya ɗauka kaɗaici ne, ashe labari yake rubutawa. Da safen nan ya miƙo shafi tara, ya ce gasa ce ta wani ɗakin karatu a garinsu, yau ƙarfe biyar na yamma ake rufewa, kuma wanda ya ci za a sa nasa a intanet. Ya ce Sabo ya duba ya ba shi izini.

"Me ya kashe ta?" in ji Sabo.

"Bai faɗa ba. Ya dai ce kana da 'ya'ya huɗu, kana kiran sunan uku: Mumin, Habibatu, Fausatu. In an zo kan ta farin sai ka dubi ƙasa ka kawo wata magana. Ya ce mutumin da ya binne ɗa ne kawai yake haka."

"Sai kuma me?"

"Wai ranar da ya raka ka kasuwar Souq Waqif ka sayi mayafi huɗu. Na huɗun ya fi kyau, ka ƙi faɗin mai shi. Ya ce yana ƙarƙashin matashinka har yau, kana shinshinawa."

"Mayafin yana Funtuwa," in ji Sabo. "Ita take yafawa."

Safiyyatu, 'yarsa ta farin, lafiyarta ƙalau. Tana ɗakin mijinta, cikinta ya shiga wata tara, haihuwar fari. Kwana goma ke nan Sabo bai kashe wayarsa ba ko a masallaci. Kuma tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, kamar yadda ubansa bai taɓa kiran nasa ba. Yanzu ga wani ya zauna da hankalinsa ya rubuta ta mutu, zai aika wa mutane su karanta su ba shi maki.

Ƙarfe uku motar Fergal ta iso. Sabo bai ɗaga sandar shiga ba. Fergal ya sauke gilashi yana murmushi.

"Ka karanta, Sabo?"

"An karanta mini. Fito."

Da guntun Turancin Sabo aka yi maganar, inda ya ƙare Ghali ya cika.

"Yarinyar nan tana da rai."

Fergal ya buɗe baki. Kunnuwansa suka yi ja.

"To me ya sa ba ka taɓa faɗin sunanta ba?"

"Ita ce ta fari."

"Kun yi faɗa ne?"

Sabo ya dube shi irin kallon da yake yi wa motar da ba ta da takardar shiga. Ghali ya yi bayani: a wurinsu mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya yabonsa, ba ya ɗaukarsa a gaban jama'a. Kunya ce. Ya ƙara da cewa yarinyar tana kan gwiwa yau ko gobe. Sabo ya dubi titi har aka wuce wannan wurin.

Fergal ya ba da haƙuri sau uku. Sannan ya ce zai canza sunaye, ya mayar da mai gadin mutumin wata ƙasa, ba wanda zai gane.

"Allah ya san wadda kake nufi," in ji Sabo. "Ba a yi wa mai ciki irin wannan bakin. Cire."

Fergal ya jingina da mota. Ya ce saura awa biyu, kuma duk labarin a kan mutuwar nan ya tsaya, in an cire ta saura mutum yana buɗe ƙofa yana rufewa. Ya ce shekara huɗu yana shiga gasar nan, ko cikin goman farko bai taɓa zuwa ba. Duk wanda ya ci kuwa, akwai jana'iza a nasa. Mutanen garinsu haka suke so.

"Dole sai an mutu?"

"Kusan dole."

"Khalas, shi ke nan. Kashe ni."

Ghali ya ce, "Haba Yaya Sabo."

"Kai ka fassara kawai."

Fergal ya ce ai in bakin yana kama mutum, shi ma zai iya kama shi.

"Shekarata hamsin da biyu," in ji Sabo. "Kuma ni ba ni da ciki."

Fergal ya fara magana shi kaɗai, yana kaɗa yatsa: uban ya mutu a ƙasar wasu, bai taɓa kiran sunanta ba, ita kuma ta san dalili. Ya ce wannan ma ya fi. Ya faɗa da fara'a, sai ya tuna wanda ke gabansa ya gyara fuska.

Ya ɗauko kwamfutarsa ya ɗora a bayan mota, a cikin ranar nan, gumi na ɗiga a kan madannai. Wata mota ta zo baya tana hon. Sabo ya nuna mata ƙofar fita ta shiga ta can. Sau biyu yana zuwa ya leƙa, ya sa Ghali ya karanta masa wurin da yarinyar take. Tana nan da ranta, tana shanya.

Biyar saura kwata Fergal ya ɗago kai.

"Saura abu ɗaya. Yaya kake so ya faru? Mota, ko zuciya?"

Sabo ya duba wayarsa. Ba kira. Ya mayar da ita aljihu.

"Duk wanda ya fi sauri. Amma ka sa a zaune nake. Shekara shida ina tsaye a ƙofar nan."

Fergal ya rubuta. Sabo ya ɗaga masa sandar.