Yumɓu Ba Ya Jiran Alhamis

Ranar da aka manna sabon jadawali a bangon ofishin malamai, Malama Khuzaima ta tsaya gabansa da jaka a kafaɗa, tana bin layin 'yan aji uku da yatsa. Litinin babu ita, Talata babu ita, Laraba ma wayam. Sai can Alhamis bayan an dawo daga hutun tara ta ga darasinta na zane da sana'ar hannu, guda uku a jere, an cusa su wuri ɗaya kamar kayan wanki.

"Ke kam kin huta," in ji malamin lissafi. Ko kallonsa ba ta yi ba.

Hutun me? Shugaban makarantar nan tasu ta 'yan mata da ke ƙasar Gwaram ya riga ya faɗa a taron malamai, babu ɓoye-ɓoye: ƙarshen zango wani jami'i zai zo daga Birnin Kudu ya duba aikin hannun 'yan aji uku. In bai ga abin kirki ba, za a cire darasin, a raba lokacin tsakanin lissafi da Turanci. Ita kuwa ta ɗaura niyyar sai yaran nan sun gina tuluna na gaske, masu wuya da mariƙi.

Ta gwada yadda aka tsara mata, kada a ce ta cika gardama. Alhamis ta farko suka kwaɓa yumɓu, suka gina cikin tulu. Da wata Alhamis ta zagayo, zafin bazara ya mai da su kamar dutse, wuya da mariƙi suka ƙi kamawa. Ta rufe na gaba da jiƙaƙƙen buhu, kwana biyu buhun ya bushe ƙayau. Ta naɗe wasu da leda, gindinsu ya saki suka zauna. Mako uku ke nan sun tafi a banza. Juwairiyya, wata yarinya 'yar Zandam da ta fi kowa hannu a ajin, ta ga mariƙinta ya ɓalle a karo na uku, sai ta kifa kai a gwiwa ta fashe da kuka. Ran Malama Khuzaima ya ɓaci ƙwarai.

Ta ɗauki busasshen tulun da curin yumɓu ta nufi ofishin Malam Hambali, mataimakin shugaba. Shi ke tsara jadawali shekara goma sha ɗaya, da rula da jan biro, kuma duk makarantar an sani, gara ka taɓa hularsa da ka taɓa masa kwalin jadawalin nan.

Ta yi sallama, ta gaishe shi, ta dire kayan a kan teburinsa. "Malam, don Allah manna mini mariƙi a jikin tulun nan."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Ni kuma?"

"Kai fa, Malam."

Ya naɗe hannun riga, ya murza yumɓun, ya danna shi da ƙarfi. Yana sakin hannu abin ya faɗo kan rajista, tim. Ya sake, ya sake faɗowa.

"To ka gani," ta ce. "Ba yawan lokaci nake nema ba, ukun nan sun ishe ni. Rabuwarsu nake so. Litinin a gina ciki. Laraba ya sha iska amma da sauran danshi, a ɗora wuya da mariƙi. Alhamis a goge shi da dutse ya yi sulɓi. Yumɓu bai san jadawalinka ba, Malam."

Malam Hambali ya daɗe yana goge yatsunsa da tsumman allo. Sannan ya yi ƙasa da murya. "Malama, don ke na haɗa su. Daga Birnin Kudu kike zuwa, ki hau mota, ki sauka ki hau babur, ga ki da juna biyu. Ni na roƙi shugaba ya bar ki ki riƙa zuwa ranar darasinki kaɗai. In na raba, sau uku za ki bi hanyar nan duk mako."

Kunya ta kama ta, don ita duk zatonta raini ne. Kuma gaskiya ya faɗa. Duk ranar da ta sha ramukan hanyar nan, bayanta kan yi kwana biyu yana ciwo. Ta sake duban busasshen tulun.

"Allah ya saka da alheri, Malam. Wallahi ban sani ba," ta ce. "Amma a raba."

"Kin tabbata?"

"A raba."

A ranar aka ga abin da ba a taɓa gani ba: Malam Hambali da reza a hannu yana kankare jan biro daga kwali a tsakiyar zango. Malamin lissafi ya yi ta mita don an ɗauke masa safiyar Litinin, aka bar shi da mitarsa.

Haka ta yi ta zirga-zirga mako bakwai. Wata Larabar ma sunkuyawa ta gagare ta, sai a kan benci ta zauna tana nuna musu da baki. Tuluna ashirin da shida suka gina, aka gasa su a bayan makaranta da kara da kashin shanu, huɗu suka fashe.

Ranar da jami'in ya zo ba ta nan. Ƙafafunta sun kumbura, likita ya hana ta hawa babur, tana kwance a ɗakinta a Birnin Kudu da waya a tafin hannu tun safe. Sai bayan azahar Malam Hambali ya kira.

"Ya zo, ya duba," ya ce. "Cewa ya yi a cika na Juwairiyya da ruwa, ya ɗaga shi da mariƙi, har girgiza shi ya yi. Mariƙin ko motsi bai yi ba."

"Darasin fa, Malam?"

"Yanzu na gama rubuta na zango mai zuwa. Litinin, Laraba, Alhamis."

Ta rufe baki da gefen mayafi, hawaye na zuba.

"Malama? Kina ji na?"

Ta share fuska, ta gyara murya. "Ina ji, Malam. 'Yan aji biyu fa, wace rana ka sa musu nasu darasin?"