Kananzir Ba Garwa

Mijina Jusoh mutum ne mai hangen nesa. Shi ya gaya min da bakinsa, don haka ba na musu.

Shagonmu na bakin tashar jiragen ruwa ta Penang, kananzir ɗin Amurka muke sayarwa, wanda ke zuwa a rufe cikin garwa. Ana nan sai wani sabon kamfanin Turawa ya iso da na Rasha, an ɗuro shi a cikin jirgi kamar ruwan rijiya. Ga araha, amma ba garwa.

"Zaharah, zamani ya juya," in ji Jusoh. Ya koma sayar da na Rasha, ya je ya mayar wa wakilin Amurkawa allon tallarsu da ke ƙofar shagonmu, har da ɗan zagi a kai. Maƙwabcinmu Lim Boon Teck, wanda Jusoh ke kira mai kan kwakwa, ya ɗauki allon ya kafa a ƙofarsa.

Na ce, "Maigida, anya matan unguwa za su yarda?"

"Ke dai tsaya ga tukunyar shinkafarki."

To, na tsaya. Washegari tsohuwa Sepiah, mai suyar ayaba, ta zo saye.

"Ina garwar, ɗan nan?"

"Inna, da naki mazubin za ki zo. Ai ya fi araha!"

"Arahar banza! Da me zan ɗebi ruwa? A me zan adana shinkafa? Ko kananzir ɗin zan daddale in toshe yoyon ɗakina?"

Ta tsallaka wajen Lim, unguwa ta bi bayanta. Mu kuwa muka zauna gadin gangar kananzir, Jusoh yana yi wa ƙudaje bayanin ci gaba. Wallahi har kuka na yi, don da ɗan kunnen uwata aka buɗe shagon nan.

Daga baya Turawan kamfanin suka gane abin da kowace tsohuwa ta sani, suka fara ƙera garwarsu sabuwa fil, tana walƙiya. Jusoh ya sa rigar Idi, ya tafi karɓo rabonmu.

Manajan ya yaba masa ƙwarai. Ya ce amana irin tasa ta yi wuya a garin nan, sai dai kamfani na neman shagon da mutane ke shiga. Suka ba Lim dillancin.

Yanzu Lim ne ke sayar da na Amurka da na Rasha duka, shagonmu kuma ya zama ma'ajiyarsa. Mutumin kirki ne, bai riƙe Jusoh a rai ba. Jusoh ne ma yake sauke masa kaya daga amalanke.