Ambulan ɗin Baba Markus

Jonathan na tsaye a ƙofar ɗakin babansa da sabon kwaɗo a hannu lokacin da Zulaihat ta shigo da kwanon koko. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da na baban Jonathan a Ƙofar 'Yandaka, kullum da safe ita ke kawo wa tsohon.

Ta tambaye shi ko ɓarayi ne. Ya ce a'a, Baba za a riƙa kullewa. Sau uku ke nan Baba Markus yana saka kakinsa ya fita aiki, aikin masinja da ya bari shekara ashirin. Jiya can bakin GRA aka tsinto shi yana neman ofishin da aka rushe tuni.

Jonathan babban ma'aikaci ne, biro uku gare shi a aljihun gaba. Ya zaro hoton ƙwaƙwalwar Baba da aka ɗauka a asibiti daga wani ƙaton ambulan, ya ɗaga shi a rana, ya yi mata bayani da Turanci, sannan ya tuna aji uku ta tsaya a makaranta, ya sake yi da Hausa: tsufa ya sa ƙwaƙwalwar ta motse, wurin ajiye sababbin abubuwa shi ya fara lalacewa, na dā ne kawai suka saura. Zulaihat ta duba hoton da kyau. Ita dai goro biyu ta gani.

"To, Yaya, in na dā sun saura, mi zai hana a ba shi na dā ɗin? Ba ni ambulan ɗin, ka riƙe hotonka."

Ta roƙi kwana bakwai. Idan ya sake ɓata, da hannunta za ta datse kwaɗon.

Washegari ta miƙa wa Baba ambulan ɗin da hannu biyu, ta ce saƙo ne na Malam Dabo tela, da mai shayi, da mai kemis na kan kwana, kowa ya sa hannu a baya. Tsohon ya gyara tsayuwa. Bai san sunanta ba, ita da ya goya tana ƙarama, amma ya san abu ɗaya: masinja bai gama aiki ba sai ya dawo da sa hannu. Kafin rana ta yi zafi sai ga shi.

"An sa hannu, Madam."

Shekara ɗaya da wata biyu aka yi haka. Malam Dabo, da a dā ko takardar makarantar 'ya'yansa dangwale yake yi, ya koyi wani sa hannu mai wutsiya, har yana cewa Baba ya jira yana mitin. Mai shayi yana sa hannu ya haɗa da kofi ɗaya. Kwaɗon kuwa ya koma kejin kaji.

Jonathan ne kaɗai ya ƙi. Duk ranar Lahadi in ya zo, Baba ya miƙe ya ce mashi Yallaɓai, ya miƙo ambulan, shi kuma ya kau da kai.

"Baba, ni ne fa. Jonathan."

"To, Yallaɓai. A nan ƙasa ake sawa."

Ranar wata Talata Baba ya dawo a kan lokaci, ya ba ta ambulan, ya zauna a benci ya cire takalmi ɗaya. Ta shiga ɗauko mashi ruwa. Da ta fito, ɗayan takalmin yana ƙafarsa, shi kuwa ya tafi.

Bayan an dawo daga maƙabarta, 'yan coci da mutanen unguwa sun cika tsakar gida, Jonathan ya same ta a zaure. Ya fara godiya da Turanci, maganar ta ƙi fita, ya bari. Ya ce ko ambulan ɗin na nan.

Ta ɗauko. Ya yi laushi kamar tsumma, gaba da baya duk sa hannu ne, wani kan wani, ga shatin kofin shayi. Can ƙasa daga dama akwai ɗan fili da Baba ke rufewa da babban yatsa duk sanda ya miƙa wa wani.

Jonathan ya daɗe yana kallon wurin. Ya laluba aljihu, ranar bai sako biro ko ɗaya ba. Zulaihat ta leƙa shagon Malam Dabo ta aro mashi.